Amsoshin Tambayoyinku: Kwamfuta a Ɗakin Sarrafa Tashar Nukiliya

Mai gabatarwa: Masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Kaduna. Wasiƙunku na yau sun taru ne a kan mayar da ƙa'idojin aikin tashoshin nukiliya daga takarda zuwa kwamfuta, ga shi kuma lokaci ya matse mu.

Wani ɗalibi daga Tudun Wada yana tambaya ko Najeriya tana da tukunyar nukiliya, wato na'urar da ake fasa ƙwayar zarra a cikinta ta ba da zafi. Tana da ita, kuma a jiharmu take. Ƙarama ce ta bincike mai kilowat 30 a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ta fara aiki a 2004, ba ta kuma samar da wutar lantarki. Haba ɗan samari, Samaru fa ba nisa, ai bai kamata wannan ya wuce ka ba.

Tambayar da ta fi yawa, wata malamar makaranta daga Kawo ce ta fi kowa tsara ta. Ta ce mu da muka saba da ɗauke wuta da tsayawar na'ura a banki, ta yaya za a damƙa wa kwamfuta amanar abu mai haɗari haka? Injiniya, bismillah.

Injiniya: Hajiya, bari in faro daga 1979, a tashar Three Mile Island ta Amurka. Wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwan da ke sanyaya tukunya yana ta zurarewa, alhali fitilar da ke gaban ma'aikata umarnin rufewa kawai ta nuna, ba ta nuna ko bawul ɗin ya rufu ba. Ƙararrawa fiye da ɗari suka ɗauki ƙara cikin 'yan mintuna, ma'aikata suna ta buɗe kundaye, har suka rage ruwan gaggawa a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. A tsarin kwamfuta kuwa, mataki yana fitowa a allo, a gefensa ga zafin ruwa da matsinsa na wannan daƙiƙar, sannan na'urar ta riƙe wa mutum inda ya tsaya don kada ya tsallake layi. Faransa ta yi haka a tashoshin Chooz da Civaux, haka ma sababbin tukwane biyu na Vogtle a Amurka da suka fara aiki a 2023 da 2024.

Mai gabatarwa: Allah ya ƙara basira, Injiniya, amma Hajiya tana tambaya ne idan kwamfutar ta mutu.

Injiniya: To, kundin takarda yana nan a ɗakin, ba a jefar da shi ba, ana kuma horar da ma'aikata a ɗakin gwaji yadda za su koma kansa nan take. Na'urar da ke kashe tukunya da kanta daban take da wadda ke nuna ƙa'idoji. Mu tuna a tashar Fukushima ta Japan a 2011, da wuta ta yanke, batiran mota ma'aikata suka ciro don su karanta ma'aunai.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita saboda masu sauraro. Kwamfuta tana nuna mataki, mutum ne ke duba ya tabbatar, takarda kuma tana ajiye. Ni dai abin da ke damuna shi ne sabo, kada ma'aikaci ya saba da danna amincewa har ya daina duba ma'auni da idonsa, kuma ina ganin a nan ne horo ya fi muhimmanci.

Wani mai gyaran waya daga Kasuwar Barci ya tambayi batun masu kutse. Malam, ba a haɗa na'urorin tsaron tukunya da intanet, sai dai a 2010 an ga yadda wata muguwar manhajar kwamfuta mai suna Stuxnet ta lalata injinan tace yuraniyom a Natanz ta Iran, don haka ake sa ido sosai a kan duk abin da za a soka wa kwamfutocin.

Mai tambaya daga Rigasa kan sharar nukiliya, ka yi mana haƙuri, da wasiƙarka za mu buɗe shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu.