Kumfa Ta Ɓace, Amma Ina Sinadarin Omo Ya Tafi?

Waɗannan kwalabe biyu da kuke gani daga tanki ɗaya aka ɗebo su. Ta hagu ruwan wanki ne kafin ya shiga tankin tace dagwalo, ta dama kuwa ruwan da ya fito ta ɗaya bakin ne. Idan aka girgiza ta hagu, kumfa takan taso har wuyan kwalba, amma ta dama ko an jijjiga ta da ƙarfi, kumfar da take yi ba ta taka kara ta karya ba. Irin wannan gwaji ne ya sa masu kallo da dama suka rubuto mana cewa ashe rufaffen tanki, wanda iska ba ta shigarsa, yana cinye sinadarin omo ƙurmus. Abin da ido ya gani gaskiya ne, sai dai hukuncin da aka yanke a kai yana buƙatar gyara.

Aikin tankin kansa ba shi da wuyar fahimta. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta da ke rayuwa ba tare da iskar oksijin ba, wasunsu ma oksijin guba ce gare su. Wani rukuni ya farfasa manyan ƙazanta, wani ya mayar da su ruwan tsami, wani ya sake tace tsamin, na ƙarshe kuma ya fitar da iskar gas wadda fiye da rabinta metan ce, irin wadda ake girki da ita. Sun fi jin daɗin aiki a zafin da ya kai digiri 35. Samfurin tankin da muke magana a kai, wanda ruwa ke shiga ta ƙasa ya ratso bargon laka zuwa sama, Gatze Lettinga da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro shi a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan cikin shekarun 1970, ya kuma bazu a Brazil da Indiya saboda ba ya cin wutar lantarkin hura iska. Sokawen da ke bayan gidajenmu ma ɗan wannan dangi ne.

Yanzu mu tsaya kan sinadarin. Wanda ya fi yawa a garin omo a duniya shi ne wanda ake taƙaita sunansa da LAS. Ga yadda siffarsa take: yana da doguwar wutsiya mai ƙwayar kabon 10 zuwa 13, wadda ke son maiƙo, da kai mai zobe wanda ke son ruwa. Wutsiyar ta kama dauɗar wuyan riga, kan kuma ya ja ta cikin ruwa, shi ke nan wanki ya fita.

Ƙwayar halittar da za ta ci wannan sinadari ba ta iya far masa ta ko'ina. Daga ƙarshen wutsiya take farawa, ta liƙa masa oksijin a nan, sannan ta riƙa gutsurar kabon bibbiyu har ta isa zoben ta fasa shi. Duk wanda ya taɓa buɗe buhun shinkafa ya san abin da nake nufi: in ka sami bakin zaren ɗinkin, jan farko sai ya warware har ƙarshe, in kuwa ba ka same shi ba, sai ka yi ta fama buhu na nan a ɗinke. To, oksijin ita ce hannun da ke kama bakin zaren nan. A tashar da ake hura wa dagwalo iska, fiye da kashi 95 cikin 100 na LAS kan tafi. A rufaffen tanki kuwa wannan jan na farko ne babu, don haka mafi yawan sinadarin yana nan yadda ya shiga.

To, in bai ruɓe ba, me ya sa kwalbar dama ba ta kumfa? Amsar tana ƙasan tanki. Wutsiyar nan da ke manne wa maiƙo a jikin tufa, haka take manne wa laka. Idan kuma ruwan wurin irin wanda sabulu ba ya saurin kumfa a cikinsa ne, wato mai yawan kalsiyam, sai sinadarin ya haɗe da kalsiyam ya zama gari ya kwanta. Ke nan ya bar ruwa ya koma laka, kuma barin ruwa daban, ruɓewa daban. A ganina wannan shi ne kuskure mafi tsada a wannan fanni, domin mai aunawa a bakin fita kaɗai zai rubuta cewa aiki ya yi kyau, alhali kayan na jibge a ƙarƙashinsa.

Turawa sun gano haka ne daga lakar tashoshinsu. Lakar da aka ruɓar a rufaffen tanki takan ƙunshi giram da yawa na LAS a kowane kilo na busasshiyarta, wadda aka sarrafa da iska kuwa galibi ba ta kai rabin giram ba. Tunda ana kai irin wannan laka gona a matsayin taki, ƙasar Denmak ta sa iyaka, daga shekarar 2000, cewa kada ya wuce miligiram 1,300 a kilo. Akwai kuma wata illa: idan sinadarin ya yi yawa, yakan lalata fatar ƙwayoyin da ke samar da metan, gas ya ragu. Shi ya sa ake gargaɗin masu tankin gas na kashin shanu kada su juye ruwan wanki a ciki.

Adalci ya wajabta in ce ƙofar ba a rufe take ruf ba. A 2007 masu bincike a Cádiz ta ƙasar Sifaniya sun nuna cewa a cikin tabon gaɓar teku, inda babu oksijin, kashi 79 cikin 100 na LAS ya ruɓe cikin kwana 165, daga baya kuma suka gano cewa ƙwayoyin suna kama bakin zaren da wani sinadari mai suna fumaret a madadin oksijin. A Jami'ar São Paulo ta ƙasar Brazil, reshen São Carlos, an shafe shekaru ana gwada ruwan gidajen wanki a irin waɗannan tankuna, an kuma sami ruɓewar wani kaso, musamman idan an haɗa wa ƙwayoyin da abinci mai sauƙin ci, aka ba su lokaci su saba. Wannan aiki yana burge ni ƙwarai. Amma ku riƙe lissafin: can ana maganar watanni ne, ruwa kuwa sa'o'i kaɗan yake yi a tankin tasha.

Ba kuma duk abin wanki ne ke da wannan taurin kai ba. Sabulu na asali, wanda aka dafa da mai da toka irin sabulun salo, ƙwayoyin rufaffen tanki na cinye shi har ya zama gas.

Abin da tashoshi masu kyau ke yi shi ne su haɗa hanyoyin biyu. Rufaffen tanki ya fara rage nauyin ƙazanta ya ba da gas, sannan ruwan ya wuce inda iska za ta ratsa shi, ko tafki mai faɗi ko tulin tsakuwa da yake tsiyaya a kai. Lakar kuma a baza ta, a riƙa juya ta kamar takin gargajiya, domin da zarar ta sha iska, rabin sinadarin kan tafi cikin 'yan makonni.

Ga kwalba ta uku, wadda aka ɗebo daga ƙasan tanki. A ɗakin gwaji za a busar da wannan baƙar laka, a wanke ta da sinadarin metanol don a ɓamɓaro abin da ya manne, sannan a auna. Sai an tara abin da ya fita a ruwa da abin da aka samu a laka, an cire daga abin da ya shiga, ragowar ce kaɗai za a iya cewa ƙwayoyin halitta sun cinye.