Birnin Yunwa na David Bowie: lacca kan faifan Diamond Dogs

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da sauran 'yan'uwa, barkanmu da yamma.

Faifan da za mu tattauna a kai yau, Diamond Dogs, ya fito ne a watan Mayun 1974, kuma asalinsa ƙin yarda ne. Mawaƙin Ingila David Bowie ya so ya mayar da littafin George Orwell na 1949, Nineteen Eighty-Four, wasan dandamali mai kiɗa da waƙa. Sonia, matar da Orwell ya mutu ya bari, wadda haƙƙin littafin ke hannunta, ta ce a'a. To ga waƙoƙi an riga an fara rubutawa, ga ƙofa an rufe. Sai ya gina nasa birnin.

Kafin mu shiga birnin, a tuna wane ne mutumin. Shi ne jigo a salon glam rock, na maza masu jan gashi da kwalliyar fuska da takalma masu tudu. A Yulin 1973, a zauren Hammersmith Odeon na Landan, ya sanar daga kan dandamali cewa ya ajiye Ziggy Stardust, halittar da yake rikiɗa ya zama a kan dandamali, wadda ta ɗaukaka sunansa. Ya rabu da makaɗin jitarsa Mick Ronson, don haka yawancin jitar wannan faifai shi ya kaɗa da hannunsa. Za ku ji ta da kaushi, ba ta da santsin Ronson, kuma a ganina kaushin ya dace da labarin.

Sunan birnin Hunger City, wato Birnin Yunwa: gidajen sama sun zama kufai, gawawwaki na ruɓewa a titi, gungun yara marasa mafaɗi suna mulkin saman rufi, jagoransu Halloween Jack. Kada ku ɗauka duk mafarki ne. Lokacin da ake ɗaukar faifan, rikicin masu haƙar kwal da tsadar man fetur sun sa gwamnatin Firaministan Birtaniya Edward Heath ta taƙaita wa masana'antu wutar lantarki zuwa kwana 3 a mako, daga Janairu zuwa Maris na 1974. Har talabijin ana rufewa da ƙarfe 10:30 na dare. Mu nan ba sai an yi mana bayanin ɗauke wuta ba, amma ga Baturen Ingila abin ya yi kama da tashin duniya. A zaɓen Fabrairu, Heath ya rasa rinjaye.

Labarin bai tafi a jere ba. Bowie ya haɗu da marubucin Amurka William Burroughs a ƙarshen 1973, ya kuma yi amfani da dabararsa ta yayyanka rubutu da almakashi a cakuɗa a sake jerawa. Shi ya sa waƙoƙin Sweet Thing da Candidate suke fitowa gutsure-gutsure. Rebel Rebel kuwa, wadda ta fi kowace shahara, kusan ba ruwanta da labarin. Bankwana ce da zamanin kwalliya. Hoton bangon faifan, na mai zane ɗan Beljiyam Guy Peellaert, rabi mutum rabi kare, sai da kamfanin RCA ya sa aka shafe al'aurar karen kafin a baza shi kasuwa.

Inda nake so mu daɗe shi ne ƙarshen faifan, inda ragowar aikin Orwell ta tsira: We Are the Dead, 1984, da Big Brother. A littafin Orwell, zalunci daga sama yake saukowa. Jam'iyya ce ke sa ido, ta kama Winston Smith, tauraron labarin, ta azabtar da shi har ya miƙa wuya ya so shugaban, wanda ake kira Big Brother. A wajen Bowie ba a buƙatar ɗakin azaba. Waƙar Big Brother muryar jama'a ce da suka gaji da yunwa da rashin doka, suna roƙon a kawo musu wanda za su bi. Kiɗan kuma mai daɗi ne, mai ɗaga zuciya, har ka tsinci kanka kana amshi. Da gangan ne. Mutumin da ya tsaya gaban dubban matasa suna kuka suna miƙo masa hannu ya san yadda taro ke miƙa kansa, sanin da Orwell bai taɓa yi daga kan dandamali ba. Daga nan faifan ya ƙare da gaɓa ɗaya tana maimaita kanta kamar allura ta maƙale.

Abin takaici, Bowie kansa bai tsira daga abin da ya hango ba. A 1976, yana tsundum cikin hodar ibilis, ya riƙa faɗa wa 'yan jarida cewa Birtaniya za ta amfana da shugaba ɗan fasist, wato mai mulkin kama-karya, ya kuma kwatanta Hitler da taurarin kiɗan rock. Daga baya ya janye maganar, ya ɗora laifin a kan ƙwaya. Kalamansa, tare da na mawaƙi Eric Clapton, suna cikin abin da ya harzuƙa waɗanda suka kafa ƙungiyar yaƙi da wariyar launin fata ta Rock Against Racism a wannan shekarar. Wasu na cewa wasan kwaikwayo ne kawai ya wuce gona da iri. Ni ban yarda uzurin ya wanke shi ba, tun da shi ya rubuta waƙar shekara 2 kafin nan.

Yanzu a sa mana Big Brother mu saurara, sannan mu karɓi tambayoyi.