Maldives: Tsibirai Sun Haura Dubu, Amma Jama'a Male Suka Nufa

Akwai wani gari a kan tsibiri da benaye suka cika shi maƙil har bakin ruwa, shi ne Male, babban birnin ƙasar Maldives a tekun Indiya. Faɗin tsibirin duka kimanin murabba'in kilomita 2 ne.

Ƙidayar 2022 ta samu mutum kusan 515,000 a ƙasar. Tsibiranta sun kai kimanin 1,190, waɗanda ke da garuruwa kuwa ba su kai 200 ba. Cikin kowane mutum goma, huɗu suna Male ne da kewayenta.

Me ya jawo haka? Ku ɗauki tsibiri mai mutum ɗari biyar. Dole a ba shi injin wutarsa, da wurin tsayawar jiragen ruwa, da makaranta, da ɗakin shan magani, don teku ya raba shi da maƙwabta. Babban asibiti da jami'a da aikin gwamnati sai aka tara su wuri guda. Mara lafiyan da ciwonsa ya tsananta, Male za a kai shi. Ɗalibi ya tafi karatu, iyaye su bi shi, su kama hayar ɗaki ɗaya da tsadar gaske, iyali guda a cunkushe. Da yawa ba sa komawa.

Cunkoson na da haɗarinsa. A Disambar 2014 gobara ta kama wurin tace ruwan teku na Male, famfo ya ƙafe, har sai da Indiya ta kawo ruwan sha a jiragen sama.

Tun 1997 gwamnati ta fara cike teku da yashi, ta gina sabon tsibiri, Hulhumale, mai tudun kusan mita 2 sama da ruwa. A 2018 gada ta haɗa Male da tsibirin filin jirgin sama, wanda hanya ta haɗa shi da Hulhumale.

Akwai kuma baƙi. Mutum ɗaya cikin huɗu ma'aikaci ne daga waje, galibi maza daga Bangladesh da Indiya, masu aikin gini da otal-otal na 'yan yawon buɗe ido. Tsarin mulkin ƙasar Musulmi kawai ya yarda a ba takardar zama ɗan ƙasa.

Haihuwa ita ma ta ragu sosai. A 1990 mace kan haifi 'ya'ya wajen shida, yanzu ba su kai biyu ba. Ƙananan tsibiran ne suka fi jin wannan a jika, domin daga can ne matasa ke tafiya su bar tsofaffi.