Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu a Sabon Zongo, Ankara babban birnin Gana

Yallaɓai babban baƙo, sarakunan Zongo, limamai da fastoci, iyayenmu mata, barkanku da zuwa.

A madadin kwamitin dattawan wannan unguwa, muna yi maka lale marhabin. Mun san alƙalaminka tun kana ɗakin labarai, a zamanin da ɗan jarida ke iya kwana a gidan yari saboda rubutu ɗaya, kafin a soke dokar da ta mai da ɓata suna laifin ɗauri a shekarar 2001. Da ka bar aikin jarida ka koma kai koken coci-coci gaban 'yan Majalisa, ka nuna ka san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa a buɗe, kuma wannan sanin muke roƙon ka ara mana yau a kan maganar katin ɗan ƙasa.

Yallaɓai, mu ba baƙi ba ne a Gana. Kakanninmu sun yi fataucin goro ta Salaga tun kafin Bature ya shata iyaka, wasunsu kuma sun sa kaki a rundunar Hausawa ta zamanin mulkin mallaka. Malam Bako ya kafa wannan Sabon Zongo a farkon ƙarni na 20, kuma gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana karanta labarai da harshenmu. Duk da haka, a watan Nuwamban 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba waɗanda ta kira baƙi marasa takarda mako biyu su fice, aka loda mutane a manyan motoci, har da waɗanda a nan aka binne cibiyarsu. Akwai tsofaffi a wannan rumfa da suka raka 'yan'uwansu tasha, ba su sake ganinsu ba.

Wannan tabo bai warke ba. Har yau saurayi yakan kwana a layin rajista, takardar haihuwarsa a hannu, da zarar ya faɗi sunansa sai a ajiye biro a tambaye shi garin kakansa na asali, alhali na bayansa an wuce da shi ba tambaya. Wanda ba shi da katin nan ba ya rajistar layin waya, ba ya buɗe asusun banki, aikin gwamnati kuwa sai dai ya ji labari.

Ba ma jin nauyin kawo wa Kirista wannan kuka, domin Limamin Ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, da kansa ya shiga cocin Katolika a nan Ankara lokacin Ista na 2019. Magudanan ruwa da azuzuwan makaranta suna damunmu, amma za su iya jira. Abin da muke roƙo shi ne ka sa shugabannin coci su haɗa murya da limamanmu, ka nema mana zama da kwamitin Majalisa da abin ya shafa, ka kuma turo tsofaffin abokan aikinka su tsaya a layin rajista su ji tambayoyin da kunnensu. Mun tattara koke-koken matasanmu a rubuce, Sarkin Zongo zai miƙa maka kafin ka tashi.

Allah ya mai da kai gida lafiya.