Injinan masana'anta a fuskar waya: me ya kamata ya bi ta intanet?

Jama'a, ku ɗauka ga wani tankin ruwa a tsakiyar masana'anta. A jikinsa akwai 'yar na'urar awo, tana aika labari ta cikin igiyar waya da lantarki ɗan kaɗan, tsakanin miliamf 4 da 20 (miliamf ma'aunin lantarki ne). In ta nuna 4, tanki wayam yake. In ta nuna 20, ya cika maƙil. Me ya hana a fara daga sifili? Saboda ranar da waya ta tsinke, lantarkin zai koma sifili, nan take a gane matsala ce ta auku, ba ruwa ne ya ƙare ba. Wannan dabara tana burge ni har gobe.

Labarin yana shiga wani akwati da ake kira PLC. Shi ke karanta awon, ya yanke shawara, ya kunna famfo ko ya kashe, kuma yana maimaita haka sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Asalinsa daga Amurka ne: a 1968 kamfanin motoci na General Motors ya nemi abin da zai maye gurbin tulin wayoyi da makunnai, daga nan aka samu PLC mai suna Modicon 084.

A 1975 kuma Honeywell a Amurka da Yokogawa a Japan suka fito da tsarin raba iko. Maimakon kwamfuta ɗaya ta ɗauki nauyin komai, sai kowane sashe ya samu nasa mai kula: na tukunyar tururi daban, na tankuna daban. In ɗaya ya tsaya, sauran suna ci gaba da aiki.

To ina intanet ta shigo? Da can dole injiniya ya zauna a ɗakin kula, gaban kwamfutar da aka sa wa manhaja ta musamman. Yanzu yana buɗe shafi a wayarsa ya ga zafin tukunya da gudun famfo, ko da yana wani gari. Injinan suna magana da harsuna irin su OPC UA da MQTT. Shi MQTT an ƙirƙire shi a 1999 don lura da bututun mai ta tauraron ɗan'adam, inda aika saƙo ke da tsada, shi ya sa bai da yawan surutu. Aikinsa irin na dillali ne: kowace na'ura ta kai masa labarinta, shi ya miƙa wa wanda ya yi rajistar son ji.

Amma ku saurara da kyau. Kallo da tattara bayani da canja lambar da ake so tanki ya tsaya a kai, duk suna iya bi ta intanet. Rufe famfo kafin ruwa ya yi ambaliya kuwa, dole ya zauna a cikin akwatin nan na kusa da inji. Kowa ya san yadda saƙo ke maƙalewa in sabis ya ɗauke, tanki kuma ba ya jiran sabis.

Ga kuma batun ɓarayin intanet. Modbus, tsohon harshen da aka fito da shi a 1979 kuma har yau yana cike da masana'antu, ba ya tambayar wa ya aiko umarni, bi kawai yake yi. A watan Disamba na 2015 wasu masu kutse suka shiga kwamfutocin kamfanonin rarraba wuta a Yukiren, suka katse wa mutum sama da 200,000 lantarki a tsakiyar hunturu. Ma'aikata suna zaune suna kallon kibiyar kwamfuta tana yawo da kanta tana kashe tashoshi. Sai da suka shiga motoci, suka bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya, suka mayar da makunnai da hannu.