Sharhi: Makaɗin da ya guje wa tafi

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya leƙa ɗakin ɗaukar sauti ne, inda wani makaɗin piyano ɗan ƙasar Kanada, Glenn Gould, ya sha ba injiniyoyi ciwon kai.

A watan Yunin 1955, ana tsakiyar zafi a birnin New York, sai ga wani saurayi ɗan shekara 22 ya shigo sitidiyon kamfanin Columbia, wata tsohuwar majami'a da aka mayar ɗakin ɗaukar sauti. Ya sha kwat mai kauri, ga hula, ga mayafin wuya, ga safar hannu, sai ka ce ana muku-mukun sanyi. Ya taho da tawul, da kwalaben ruwan sha, da na magunguna. Kafin ya taɓa piyano kuwa, sai da ya tsoma hannuwansa cikin ruwan zafi na wajen minti 20.

Sannan ga kujera. Mahaifinsa ne ya gyara masa ita, 'yar gajeriya mai naɗewa, tsayinta bai wuce inci 14 ba. In ya zauna sai ya duƙufa, fuskarsa ta kusa taɓa yatsunsa. Duk inda za shi da ita yake tafiya, har mazauninta ya cinye ya bar katako zalla, amma ya ƙi yarda a sauya masa wata.

Kiɗan da ya zo yi na Bach ne, Bajamushen nan mai tsara kiɗa da ya rasu a 1750, wato Goldberg Variations. Masu kamfanin ma sun so ya fara da wani abu mai sauƙin shiga kasuwa. Ya kafe. Da faifan ya fito a 1956, sai ya yi kasuwa irin wadda ba a zata ba.

Babbar damuwar injiniyoyi dai ita ce bakinsa. Gould ba ya kaɗa piyano shiru. Yana kiɗa yana gunguni a maƙogwaro, makirufo kuwa ba ta san kara ba, duk abin da ta ji ɗauka take yi. An yi dabaru iri-iri, abin ya ci tura.

To, a ranar 10 ga Afrilun 1964 ya yi wasa a Los Angeles, daga nan bai sake hawa dandamali ba. Yana da shekara 31 kacal, sunansa na tashe. A ganinsa 'yan kallo jiran kuskurenka suke yi, alhali a sitidiyo kana iya maimaitawa har ranka ya kwanta. Shi da kansa ya bayyana cewa ya taɓa haɗa ɗauka ta 6 da ta 8 na wani kiɗan Bach, aka liƙa su suka zama ɗaya. Wasu suka ce ha'inci ne. Ni dai ban gani ba. Mu da muka yanka tef da reza a gidan rediyo, mun san yankan ma gwaninta ce, kuma wanda bai iya ba, kunne ke tona masa asiri.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mutumin da ya bi duk wata 'yar tangarɗa ya yanke, ya kasa yanke gungunin kansa. A 1981 ya koma wannan sitidiyo ya sake ɗaukar Goldberg. Na farko ya ci kusan minti 38, na biyu ya kai wajen 51, a natse, kamar tafiyar dattijo. Ya rasu a watan Oktoban 1982, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara 50. Ga kaɗan daga faifan na biyu. Ku ƙara sautin rediyonku, ku kasa kunne, a ƙarƙashin piyanon za ku ji muryarsa.