Kafin ka sa hannu, nemo layin da ya yi maganar kuskuren bil

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, da fatan kowa yana lafiya a duk inda yake. Yau maganar wani layi guda ɗaya zan yi, yana cikin kusan kowace kwantiragi da za ka sa wa hannu a nan Ingila, ta wuta da gas ce ko ta waya ko ta intanet, amma yawancinmu ko kallonsa ba ma yi don yana can ƙasa cikin ƙananan rubutun nan masu sa ciwon ido, wato layin da yake faɗin abin da za a yi idan aka samu kuskure a bil.

Kuskuren nan kala biyu ne, ko su caje ka fiye da abin da ka sha, ko su caje ka ƙasa da shi. Na biyun ne mutane suke murna da shi, mutum ya ga bil ya zo da sauƙi ya yi shiru abinsa wai ya samu garaɓasa, to wallahi ba garaɓasa ba ce, bashi ne yake taruwa maka ba ka sani ba, ranar da suka farga kuma a dunƙule za su turo maka shi.

Ga wata kwantiragi nan a hannuna, na rufe sunan kamfanin, ku matso ku gani. Wannan layin da na ja wa jan biro yana cewa kamfani yana da damar gyara duk bil ɗin da aka yi kuskure a ciki ya karɓi cikon kuɗinsa, ba a sa rana ba, ba a sa wata ba. Sai ku sauko layin da ke ƙasansa, idan kai ne aka cira wa fiye da kima, an ce ka kawo ƙorafi a rubuce cikin 'yan kwanaki, in sun wuce shikenan an ɗauka ka yarda da bil ɗin. Kun ga abin da yake damuna kenan, kuskure ɗaya ne, kwamfutarsu ce ta yi shi duka biyun, amma su sun ba kansu lokaci ba iyaka kai kuma an ɗaure ka da 'yan kwanaki, ai wannan kashin dankali ne ƙiri-ƙiri. Ni ban ce kada kamfani ya karɓi haƙƙinsa ba, in ka sha wuta ka biya, hakkin mutane ne. Abin da nake cewa shi ne wa'adin ya zama ɗaya ga kowa.

To abin daɗin shi ne ba duk abin da aka rubuta a kwantiragi ne yake tsayawa ba, akwai doka a samansa. A ɓangaren wuta da gas, hukumar Ofgem mai sa ido kan kamfanonin wuta da gas ta kafa ƙa'ida tun 2018 cewa kamfani ba zai caje ka kuɗin abin da ka sha fiye da wata 12 baya ba matuƙar su ne ba su turo maka bil na daidai ba. Misali a ce sun yi wata 30 suna kuskuren lissafi, na wata 12 na ƙarshe kawai za su iya nema, sauran sun yi asara. Amma ku saurara da kyau don nan ne mutane suke ruɗewa, ƙa'idar ba ta kare wanda aka turo masa bil daidai ya ƙi biya, ba ta kare wanda ya hana su shiga su karanta mita, balle wanda ya taɓa mitar. Sannan akwai dokar haƙƙin masu saye ta 2015, wadda ta ce sharaɗin da ya karkata sosai ya cuci mai saye ba dole ba ne ya hau kansa ko da ya sa hannu. Shi kuwa bashi gaba ɗaya, a Ingila da Wales shekara 6 ne wa'adin kai ƙararsa kotu, a Sikotilan shekara 5.

'Yan uwanmu na Jamus ku ma kuna da irin taku, lissafin kuɗin ruwa da ɗumama ɗaki da mai gida yake yi duk shekara dole ya iso hannunka cikin wata 12 bayan ƙarewar shekarar lissafin, in ya makara da laifinsa ba shi da damar neman ƙari, kai ma kana da wata 12 ka ƙalubalanci lissafin, kun ga wannan shi ne adalcin da nake magana. Na Amurka kuma a katin bashi, dokar 1974 ta ba ka kwana 60 daga ranar da aka aiko takardar lissafin ka rubuta ƙorafi, su kuma su amsa sun gani cikin kwana 30, su warware kafin kwana 90 su wuce.

Yanzu bari in nuna muku inda matsalar take fara toho. Ɗauko bil ɗinka na wuta ka duba gefen lambar mita, za ka ga wani ɗan harafi, in ka ga E to ƙiyasi suka yi, babu wanda ya karanta mitar, in ka ga A an karanta da gaske. Wani abokin aikina haka ya daɗe yana biyan ƙiyasi hankalinsa kwance, ranar da aka zo aka karanta mitar sai ga bil ya zo masa da ko albashinsa bai kai ba, ya kira ni muryarsa na rawa. Abin da ya cece shi hoton mita da ya ɗauka ranar da ya tare a gidan, da kuma imel ɗin da ya tura musu da lambobin ba su yi amfani da su ba, da wannan aka zaftare masa abin da ya haura wata 12. Don Allah ku riƙa ɗaukar hoton mita duk wata, minti ɗaya ne.

Sai kuma ku duba yadda za a mayar maka da kuɗinka in sun cira fiye da kima, don wasu kwantiragin cewa suke za a bar maka shi a akawun ɗinka na wajensu a riƙa ragewa a bil na gaba, alhali kai kana buƙatarsa yanzu, to kana da damar cewa a turo maka banki. In kuma ta Direct Debit, wato izinin da ka ba kamfani ya riƙa cirar kuɗi kai tsaye daga akawun ɗinka na banki, aka cira bisa kuskure, bankinka za ka kira kai tsaye, akwai garantin da ya ce su mayar maka nan take. In kai ake bi kuma, kada ka yarda a ce ka biya a dunƙule, ka nemi su rubuto maka yadda suka yi lissafin wata-wata sannan a raba maka biyan daidai ƙarfinka.

Kuma komai a rubuce, kiran waya iska ne, ko kun yi magana ka bi su da imel ka ce kamar yadda muka yi da ku yau kaza da kaza, ka ajiye lambar ƙorafin. In kamfanin wuta ya yi ta ja maka rai ko ya rubuto cewa ya tsaya a kan bakansa, ka ɗauki takardun ka kai wa Energy Ombudsman, wato ofishin da ke raba gardama tsakanin masu saye da kamfanonin wuta da gas, kyauta ne, kuma in ka amince da hukuncinsu dole kamfanin ya bi. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, ku huta lafiya.